Babi na Huɗu: Tafasa, Daga Bakin Burtali Zuwa Gona

Don me za a shuka abin da ke fitowa da kansa? Wannan ita ce tambayar da manomi a Magariya ko Dungas kan yi idan aka ambaci noman tafasa a gabansa, kuma tambaya ce mai hujja, domin tun kaka da kakanni babu wanda ya taɓa ajiye irinta a rumbu, amma duk shekara, da zarar ruwan shuka ya sauka, sai a gan ta ta rufe bakin burtali da gefen kududdufi da tsohon masheƙarin shanu. Amsar tana da sassa biyu, ɗaya yana cikin halittar tsiron kansa, ɗayan kuma yana cikin abin da ya sami ƙasar waɗannan gundumomi biyu a shekarun baya-bayan nan.

Yadda ake gane ta

Tafasa tsiro ne na shekara guda, wato tana tsirowa da farkon damina, ta yi fure, ta zuba iri, sannan ta bushe da kaka, ba ta kai wa wata daminar. A jigawa maras ƙarfi tsawonta ba ya wuce gwiwa ko ƙugu, amma inda ta sami taki da laima, kamar wurin da garke ya kwana, takan kai mita ɗaya da rabi har biyu. Saiwarta guda ce mai nutsewa ƙasa a miƙe, shi ya sa ɗan farin da kan biyo bayan shuka, wanda kan ƙona gero tun yana ƙarami, ba ya cika kashe ta.

Ganyenta shi ne babban abin shaida. Kowane ganye yana ɗauke da ƙananan ganyaye shida, uku a dama uku a hagu suna fuskantar juna, kowanne mai faɗin kai da siririn gindi, kuma biyun da ke can ƙarshe sun fi sauran girma. Wanda ya duba da kyau tsakanin biyun farko, daidai inda suka haɗu da sandar ganyen, zai ga wani ɗan tsini mai launin ruwan ƙasa da bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda ke fitar da ɗan ruwa mai zaƙi da ke jawo tururuwa. Da magariba waɗannan ganyaye sukan sunkuya su manne da juna, su kwana a haka har hantsi ya soma, saboda akwai wata 'yar gaɓa mai kumburi a gindin kowannensu wadda ke cika da ruwa da rana ta kuma sake shi da dare. Furenta ruwan ɗorawa ne, yana fitowa ɗaya ko biyu a hammatar ganye, daga nan sai kwanso siriri mai lanƙwasa, tsawonsa santimita 10 zuwa 20, cike da ƙwayoyi masu sheƙi da kusurwoyi.

Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya fara ba ta sunan kimiyya a shekarar 1753, inda ya bambanta iri biyu masu kama da juna ƙwarai, Cassia tora da Cassia obtusifolia. A 1982 wasu masana biyu a Amurka, Howard Irwin da Rupert Barneby, suka sake tsara wannan babban dangi suka mayar da su biyun ƙarƙashin Senna. Littattafai da rahotanni da yawa na Afirka ta Yamma har yau suna rubuta Cassia tora, alhali kuwa wadda ta cika ƙasar Hausa ita ce Senna obtusifolia, mai tsini guda a mafi yawan ganyayenta, ita kuwa tora ta ainihi, mai tsini biyu, ta fi yawa a Indiya da kudu maso gabashin Asiya. Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne masana suna ganin asalin tafasa daga yankuna masu zafi na nahiyar Amurka yake, kamar gyaɗa da masara da barkono.

Tana da 'yan uwa biyu na kusa da kowa ya sani a karkarar Damagaram. Filasko yana shimfiɗe a ƙasa kuma an san shi a matsayin maganin wankin ciki, shi kuwa rai-ɗore ganyensa masu tsinin kai ne, kuma 'ya'yansa guba ne na gaske: a yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya an yi shekaru yara suna mutuwa da wata cuta ta hanta da ƙwaƙwalwa kafin likitoci su gano cewa cin ɗanyen 'ya'yan rai-ɗore ne sanadi. Saboda haka bambanta su ba aikin masana kaɗai ba ne, ya shafi duk uwar da ke aika yara ɗiban ganye.

Ƙwayar da ba ta gaggawa

Dalilin da ya sa tafasa ba ta ɓacewa daga wuri yana cikin ɓawon ƙwayarta. Ɓawon yana da tauri har ruwa ba ya ratsa shi, ƙwaya kuwa ba ta tsirowa sai ta sha ruwa, don haka ƙwayoyin da suka zuba a kaka ɗaya ba sa fitowa gaba ɗaya a damina mai zuwa. Wasu zafin bazara da sanyin dare za su tsattsaga ɓawonsu su fito a shekarar farko, wasu sai sun yi shekaru a cikin ƙasa, wasu kuma sai sun bi ta cikin saniya ko akuya sun fito tare da kashi, abin da ke bayyana yawanta a burtali da bakin rijiyoyin shayar da dabbobi. Gindi ɗaya mai ƙarfi yana iya zuba ƙwayoyi dubbai. Tsarin ya yi kama da na maigidan da ya raba hatsinsa a rumbuna da dama ba ya buɗe su rana ɗaya: idan ruwan farko ya yaudari wasu suka tsiro suka ƙone, akwai sauran da ke jiran ruwa na biyu da na uku, har da na baɗi.

Wannan dabara ce mai kyau ga tsiron daji, amma ita ce matsala ta farko ga mai son noma shi, domin manomi yana so abin da ya shuka ya fito tare, ya girma tare.

Wani abin lura kuma shi ne lokacin furenta. Tafasa tana cikin tsirran da tsawon yini ke yi wa umarni, ma'ana ba ta soma fure sosai sai yini ya fara gajarta. A Magariya, wadda ke kusa da digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, yini mafi tsawo a watan Yuni bai kai sa'a 13 ba, kuma yana dawowa sa'a 12 a ƙarshen Satumba. Wannan ɗan bambanci ya isa: a Yuli da Agusta tsiron yana zuba ƙarfinsa a ganye, daga nan ya juya ga fure da kwanso, ganyen ya tsufa ya yi kaushi. Ke nan lokacin da ganyen ya fi yawa da taushi ya faɗo daidai da lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero kuma bai nuna ba.

Akwai kuskure guda da ya kamata a gyara a nan. Tafasa dangin wake da gyaɗa da gawo ce, kuma an san waɗannan da ƙara wa ƙasa ƙarfi saboda wasu ƙananan ƙulle-ƙulle a saiwarsu inda ƙwayoyin halitta ke kama sinadarin naitirojin daga iska, wato sinadarin da ake saye a buhun takin yuriya. Tafasa ba ta yin waɗannan ƙulle-ƙulle. Abin da ta ci daga ƙasa take cinsa, kuma idan an gan ta ta yi kore shar a wani wuri, shaida ce cewa wurin yana da taki tun kafin zuwanta.

Abin da ke cikin ganyen

Dabbobi ba sa son tafasa tana ɗanya, za a ga akuya ta kewaye ta ta ci abin da ke gefenta. Warin ganyen idan an murza shi yana cikin dalili, amma babban dalilin shi ne wasu sinadarai da ake kira antirakwinon, waɗanda su ne ke sa filasko ya wanke ciki. Sun fi taruwa a cikin ƙwaya, kuma an tabbatar cewa idan ƙwayoyin suka yi yawa a abincin kaji ko shanu suna lalata tsokar jiki. A ganye ba su kai haka yawa ba, musamman a sabon toho, kuma hanyar da mata suka gada ta sarrafa shi tana rage su.

Hanyar kuwa sananniya ce. Ana tsinko kan tsiron da ganyayen sama masu taushi, a tsince, a wanke yashi, a dafa har ganyen ya yi laushi ya sauya launi, wasu da ɗan jiƙon kanwa, sannan a tsiyaye ruwan a zubar, a matse ganyen da hannu dunƙule-dunƙule. Daga nan sai kwaɗo: a daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, a yanka albasa, a zuba ɗan man gyaɗa idan akwai, a cuɗa. Wasu kan haɗa dafaffen ganyen da tsakin gero a turara a yi dambu, wanda a shekarar ƙunci kan sa tiya ɗaya ta hatsi ta ciyar da gidan da da sai biyu. Zubar da ruwan dahuwa yana tafiya da wani kaso na sinadarai masu amfani, wannan gaskiya ne, amma masu ba da shawarar a daina zubarwa ba su yi la'akari da abin da ruwan yake ɗauke da shi ba.

Busasshen ganyen tafasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa furotin ne, wato sinadarin gina jiki da ake nema a nama da wake, ga kuma sinadarin ƙarfafa ƙashi da wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Mutanen Darfur da gabashin Cadi sun kai wannan amfani matuƙa da abin da suke kira kawal. Sukan daka ɗanyen ganyen ya zama kulli, su danna shi cikin tulu, su rufe da ganyen dawa, su liƙe bakin da laka, su binne tulun a inuwa har kimanin mako biyu, suna buɗewa lokaci-lokaci su juya. Idan ya ruɓa yadda ake so sai a dunƙula a shanya, a riƙa sa wa miya a madadin nama, kamar dai matsayin daddawa a nan. Masanin Sudan Hamid Dirar ya yi rubutu a kansa a 1984, shekarar da yunwa ta afka wa Darfur. A arewacin Kamaru Fulani suna kiranta tasba suna miya da ita, a Senegal kuma Wolof suna ce mata ndur.

A shekarar 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004, lokacin da jihohin Damagaram da Maraɗi suka shiga matsanancin ƙarancin abinci kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aikinta a Magariya, 'yan jaridar ƙasashen waje sun yi ta ɗaukar hoton mata suna dafa ganye a matsayin shaidar yunwa. Sun ga wani abu na gaskiya amma sun karanta shi a karkace, domin ana cin tafasa a shekarar ƙoshi ma. Ma'aunin yunwa shi ne ko akwai hatsi da ƙuli-ƙuli a cikin kwanon, ko kuwa ganyen ne tsura da gishiri, tun da ganye ba ya ba jiki ƙarfin da tuwo da fura ke bayarwa.

Dajin da ya ƙare

Sashe na biyu na amsar tambayar da aka fara da ita yana cikin ƙidaya. A ƙidayar jama'a ta 2012 gundumar Magariya tana da mutum kusan 578,000, ita kuwa Dungas, wadda aka cire daga jikinta a 2011, kusan 354,000, kuma yankin yana cikin karkarar da ta fi cunkoso a Nijar baki ɗaya. Wanda ya bi hanya daga Bande zuwa Magariya, ko daga Dungas ya nufi iyakar Maigatari, gona zai gani tana manne da gona a ƙarƙashin itatuwan gawo. Saura, wato gonar da ake bari ta huta shekaru, kusan ta zama labari, burtali ya tsuke, makiyaya kuma an ci gefenta. Wuraren nan su ne gidan tafasa, kuma a cikin gona hauya ba ta barinta, domin a wurin mai noman firi ciyawa ce kamar kowace.

Manoman wannan yanki sun riga sun nuna cewa sun san yadda ake dawo da abin daji cikin gona. Tun daga shekarun 1980, a gundumomin Magariya da Matamaye da Mirya, suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa suna sassabe su maimakon tumɓukewa, har wani bincike na 2006 ya kiyasta cewa aikin ya mamaye kimanin hekta miliyan ɗaya. Abin da ake nema game da tafasa bai kai wannan wahala ba, kuma mata da yawa sun soma shi ba tare da wani ya koya musu ba, ta hanyar ƙyale gindin da ya fito a gefen gamana, wato 'yar gonar da mace ke nomawa don kanta, ko watsa ƙwaya a bayan danga.

Irin wannan sauyi ya faru a wasu ƙasashe. Japanawa suna da wani tsiro mai suna fuki, mai faffaɗan ganye, da ke fitowa a bakin ƙoramu da gindin duwatsu, wanda shi ma yake ɗauke da ɗaci da sinadarai masu cutar da hanta har sai an dafa an jiƙa kafin a ci. Sun yi ƙarnoni suna ɗibarsa a daji suna kuma dasa shi a gida, suna zaɓen mai taushi da saurin fitowa, har ya zama kayan lambu na kasuwa da lardin Aichi ya shahara da nomansa, ba tare da na dajin ya daina amfani ba.

Yadda ake nomanta

Gwajin da aka fi sani a Nijar shi ne na cibiyar binciken aikin gona ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, inda Dov Pasternak da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon ƙoƙarinsu na mayar da tafasa amfanin gona a 2007. Sun sa ta cikin wani tsari na farfaɗo da faƙo, wato ƙasar da ta daskare har ruwa ba ya shigarta, inda ake ba ƙungiyoyin mata fili su haƙa ramukan tassa da rabin wata, su zuba taki, su dasa zogale da magarya mai aure, su kuma shuka kuɓewa da yakuwa da tafasa a tsakani. Yawancin ƙasar Magariya da Dungas jigawa ce, ba faƙo ba, don haka ba dole ne a kwafi tsarin yadda yake ba, amma ya tabbatar da cewa tsiron yana karɓar noma.

Aikin yana farawa da kaka, da zaɓen iri. Tafasa galibi kanta take yi wa barbara, ma'ana 'ya'ya sukan ɗauko halin uwa, saboda haka macen da ta lura da gindi mai faɗin ganye, mai yawan rassa, mai jinkirin fure, ta ɗebi kwansonsa kafin ya fashe, ta soma gyaran iri ke nan. Kafin shuka sai an karya taurin ɓawon, ko dai a goga ƙwayoyin da yashi mai kaushi ko a kan dutse har sheƙinsu ya dusashe, ko a zuba musu ruwan zafi a bar su su kwana a ciki, waɗanda suka kumbura su ne suka shirya. Ana binne ƙwaya biyu ko uku a rami marar zurfi bayan ruwa mai kyau, a bar kimanin kamu ɗaya tsakanin rami da rami, a kuma sa taki, tun da an ga cewa tsiron ba ya samar wa kansa. Ba ta son inuwa mai yawa kuma tana gasa da gero wajen abinci, don haka iyakar gona da gefen garka da wurin da aka ɗaure dabbobi da rani sun fi dacewa da ita a kan tsakiyar hatsi. Tana da wata fa'ida da zogale ba shi da ita, wato ba ta bukatar shinge, tun da awaki ba su damu da ita ba.

Bayan kamar wata guda ana iya fara tsinka, kuma yadda ake tsinkar shi ne sirrin yawan amfanin. Idan aka katse kan tsiron, rassa biyu ko fiye sukan fito daga ƙasan wurin, kowanne da sabon toho, ta haka ana komawa gindi ɗaya sau da yawa har ƙarshen marka, fure kuma ya ɗan jinkirta. Abin da ya wuce bukatar gida ana shanya shi, kuma shanyar inuwa mai iska ta fi ta rana tsaka, domin rana tana cinye launin ganyen tare da sinadarin bitamin A. Busasshen ganye yana kai wa bazara a buhu, lokacin da ya fi daraja a kasuwa. Noman rani a kwarin Korama da fadamun Waca da Guci abu ne mai yiwuwa ta fuskar ruwa, sai dai gajeren yini da sanyin hunturu suna tura tsiron ga fure tun yana ƙarami, don haka ribarsa ba ta kai ta damina ba.

Ƙwayar ma tana da kasuwarta, wadda da yawa daga masu cin ganyen ba su san da ita ba. A Sin da Koriya da Japan ana soya ta a yi shayi da ita, a Indiya kuma masana'antu suna fitar da wani gari mai kauri daga cikinta wanda ake sa wa abincin gwangwani, kuma Tarayyar Turai ta amince da shi a 2010 da lambar E427, bisa sharaɗin a tace sinadaran antirakwinon a kuma tabbatar kusan babu 'ya'yan rai-ɗore a ciki. 'Yan kasuwar arewacin Najeriya suna tara ƙwayar buhu-buhu suna fitarwa zuwa Asiya, kuma yankin da ke jingine da Ɓaɓura da Maigatari bai yi nisa da wannan ciniki ba.

Sai dai akwai hattara. Tsiron da ake lallashi a Dungas shi ne manoman waken soya da auduga da gyaɗa a kudu maso gabashin Amurka ke kashe kuɗi mai yawa don kawar da shi, kuma a jihar Queensland ta Ostireliya ya mamaye makiyaya mai faɗin gaske. A nan ma, inda dabbobi suka cinye ciyawa mai daɗi suka bar tafasa ta zuba iri, shekara kaɗan ake yi ta rufe wurin, makiyayi ya rasa abin kiwo. Wanda ya shuka ta a bakin burtali ya kuma bar kwansonta ya fashe a wurin ya ɗora wa maƙwabcinsa Bafulatani nauyi, saboda haka cire kwanso kafin ya bushe, in ban da na iri da na sayarwa, wani ɓangare ne na noman.

Tafasa tana rufe giɓin damina ne kawai, da kaka ta yi sai ta bushe ta bar kara tsaye. Watannin rani da bazara, lokacin da babu wani kore a jigawa, suna hannun wani tsiro dabam mai yaɗo, wanda saiwarsa ke rayuwa shekara da shekaru a ƙarƙashin yashi kuma ɗacinsa ya fi na tafasa nesa ba kusa ba. Babi na gaba zai duba yaɗiya.